ROWLAND BINGHAM (1872–1942): MUTUMIN DA YA GANE WURINSA A GONAR UBANGIJI

Gabatarwa

A garin Karu na Jihar Nasarawa akwai jami'a mai ɗauke da sunan Bingham. A Jos kuma akwai asibitin koyarwa mai wannan suna, wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano. Da yawa daga masu jin sunan sukan ɗauka cewa mai shi wani Bature ne da ya tsufa a ƙasar nan, yana bin ƙauyuka da Littafi Mai Tsarki a hannu, yana wa'azi da Hausa. Ba haka tarihin yake ba. Rowland Victor Bingham ya zo da niyyar zama mai bishara a cikin ƙasar nan har sau biyu, sau biyun kuma ya koma gida bai kai inda ya nufa ba. Duk da haka shi ne ya shugabanci ƙungiyar mishan ta SIM har shekara 44, ƙungiyar da ikkilisiyar ECWA ta fito daga cikin aikinta.

Tarihinsa yana da amfani ga kowane gida na masu bi inda ake da saurayi ko budurwa mai cewa yana jin kiran Allah. Yana nuna cewa kira abu ɗaya ne, wurin da mutum zai tsaya ya cika kiran kuma wani abu ne dabam. Bingham bai gane bambancin nan da sauƙi ba. Sai da ya rasa abokansa biyu, ya sha kunya a gaban waɗanda suka aike shi, sa'an nan ya auna kansa da gaskiya, ya karɓi aikin da ya dace da baiwarsa.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Bingham ranar 19 ga Disamba, 1872, a garin East Grinstead da ke kudancin Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 13, iyalin kuwa suka shiga ƙunci, har ya zama dole yaron ya fara neman abin kansa tun da wuri. Yana da kamar shekara 15 ya ji bishara ta bakin 'yan ƙungiyar Salvation Army, wato Rundunar Ceto, masu wa'azi a tituna da unguwannin talakawa. A wurinsu ya tuba, ya ba da ransa ga Almasihu.

Yana da shekara 16 ya ƙetare teku zuwa Kanada. A can ya ci gaba da hidima cikin Rundunar Ceto har ya zama ɗaya daga cikin ma'aikatanta. Daga baya ya bar ta, ya zama mataimaki ga wani fasto mai suna John Salmon a birnin Toronto. Tun a lokacin an ga abubuwa biyu a tare da shi: yana da zafin himma, bakinsa kuma yana iya motsa zukatan masu sauraro. Abin da bai riga ya sani ba shi ne inda Ubangiji zai yi amfani da waɗannan abubuwa.

Nawayar Ƙasar Sudan

A Toronto ya sadu da wata dattijuwa 'yar asalin Sikotilan, Uwargida Gowans. Ɗanta Walter ya riga ya tafi Ingila yana neman ƙungiyar da za ta aike shi ƙasar Sudan. Sudan a bakin mutanen wancan zamani ba ƙasar da Khartoum take babban birninta kaɗai ake nufi ba. Ana nufin dukan shimfiɗar ƙasar da ke kudu da hamadar Sahara, tun daga wajen Senegal har zuwa kogin Nilu, ƙasar Hausa da Nufe da Borno duk suna ciki. A lissafin da masu bishara suke yi a lokacin, mutanen wannan yanki sun kai miliyan 60 ko fiye, ba kuwa tashar mishan a tsakiyarsa.

Uwargida Gowans ta zaunar da saurayin a gidanta, ta shimfiɗa masa wannan labari dalla-dalla. Maganar ta kama zuciyarsa, ba ta kuma sake shi ba har ranar mutuwarsa. Bai yi jinkiri ba, ya bi Walter Gowans zuwa Ingila. Na ukunsu shi ne Thomas Kent, Ba'amurke daga birnin Buffalo, abokin karatun Gowans. Sun ƙwanƙwasa ƙofofin ƙungiyoyin mishan a Amurka da Birtaniya, ba wadda ta yarda ta ɗauki nauyinsu. Waɗansu suka ce ba kuɗi, waɗansu suka ce yanayin ƙasar zai kashe su. Samarin suka haɗa ɗan abin da ke hannunsu, suka shiga jirgin ruwa bisa ga bangaskiya.

Tafiya ta Fari

Sun sauka a Legas ranar 4 ga Disamba, 1893, saura kwana 15 Bingham ya cika shekara 21. 'Yan mishan da suka daɗe a bakin teku ba su ƙarfafa su ba. Shugaban mishan na Metodis ya faɗa musu a fili cewa ba su ba, ko 'ya'yansu ma ba za su ga Sudan ba, sai ko jikokinsu. Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. A wancan zamani ana kiran gaɓar Afirka ta Yamma kabarin Turawa. An san maganin kwinin, gama tun a 1854 Likita Baikie ya hau kogin Kwara da Binuwai da jama'arsa suna shansa, ba wanda ya mutu. Amma ba a riga an san abin da ke kawo zazzaɓin ba. Sai a 1897 Likita Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ne yake ɗauke da ƙwayar cutar.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham. Sai suka shirya cewa shi ya tsaya a bakin teku, ya riƙa karɓar wasiƙu da kuɗi, yana aika musu da guzuri, su biyun kuwa su nausa cikin ƙasa. Ga saurayi mai zafin jini wannan rabo ba mai daɗi ba ne. Ya bar gida domin ya shiga Sudan, ga shi an bar shi yana tsaron kaya. Bai sani ba cewa aikin nan da ya zo masa kamar tilas, shi ne hoton aikin da zai yi dukan ransa.

Cikin shekara guda labari mai zafi ya iso. Walter Gowans ya rasu a Girku, kusa da Zariya, a watan Nuwamba 1894, ba wani ɗan ƙasarsu a kusa da shi. Thomas Kent ya rasu a Bida a watan Disamba na wannan shekara. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ba tasha, ba sabon tuba ko ɗaya, sai kaburbura biyu da 'yan kayan Walter da ya kai wa mahaifiyarsa. Dattijuwar ta karɓe shi ba tare da zargi ba. Ta nuna masa cewa ta fi son ɗanta ya mutu a Sudan cikin biyayya da ya zauna a gida cikin rashin biyayya, ta kuma ci gaba da addu'a domin ƙasar da ta cinye ɗanta.

Shekarun Binciken Kai

Bingham da kansa ya rubuta daga baya cewa mutuwar abokansa ta girgiza bangaskiyarsa har tushe. Tambayar da ta dame shi ita ce dalilin da ya sa waɗanda suka fi kowa ɗokin kai bishara su ne suka fara faɗuwa. Mutum a irin wannan hali yana da hanyoyi biyu masu sauƙi. Yana iya cewa tun farko ba kira ba ne, ya watsar da kome. Yana kuma iya rufe ido, ya ce ba kuskure ko kaɗan a cikin abin da aka yi, ya sake faɗawa kamar dā. Bingham bai bi ko ɗaya ba. Ya riƙe nawayar, amma ya zauna ya duba abin da ya rasa.

Abu na fari da ya gani shi ne ƙarancin iliminsa. Ya tafi Afirka ba tare da sanin magani ba, karatunsa na Littafi Mai Tsarki kuma bai yi zurfi ba. Saboda haka ya shiga wani asibiti a birnin Cleveland ya koyi abin da ya samu na aikin jiyya, ya kuma shiga makarantar horar da masu bishara ta A. B. Simpson a New York, inda Gowans da Kent suka yi karatu. Bayan haka ya karɓi aikin fasto a wata ikkilisiyar Baptis a garin Newburgh na Jihar New York, inda ya koyi kiwon jama'a da haƙuri da halayen mutane.

Abu na biyu shi ne koyarwar da ya taso a cikinta game da warkarwa. Malaman da ya fi girmamawa suna koyar da cewa warkar jiki hakkin kowane mai bi ne ta wurin mutuwar Almasihu, har waɗansu almajiransu suna ganin shan magani kamar raunin bangaskiya ne. Kaburburan Girku da Bida sun sa shi komawa cikin Nassi da kansa. Ya tsaya a kan cewa Allah yana warkarwa, ya kamata a yi addu'a domin marasa lafiya, amma magani da likita su ma baiwar Allah ne, mai bi kuma yana iya yin ciwo ba domin ya yi zunubi ko ya kasa bangaskiya ba. Ya rubuta littafi a kan wannan batu, aka buga shi a 1921. Wannan matsayi nasa ya buɗe hanya ga asibitoci da ɗakunan shan magani da SIM ta kafa daga baya.

Abu na uku shi ne rashin tsari. Su uku sun tafi ba majalisa a bayansu, ba mai tara gudummawa, ba mai aiko da sababbin ma'aikata in na fari sun faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1898, shekarar da ya auri Helen Blair, ya tara waɗansu masu bi a Toronto suka kafa majalisar mishan. Ya bar aikin fasto da albashinsa, ya ba da kansa ga wannan aiki.

Tafiya ta Biyu

A 1900 ya ga kamar lokaci ya yi. Ya yi karatu, ya san wani abu na magani, yana da majalisa a bayansa. A ranar 1 ga Janairu na wannan shekara kuma Lugard ya kafa tutar Birtaniya a Lokoja, hanyar kogi ta fi dā buɗuwa. Bingham ya sake sauka a Legas tare da samari biyu. Cikin mako uku zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka kai shi asibiti, likitoci suka ce lalle a mai da shi gida. A kwance aka ɗauke shi zuwa jirgi. Samarin da ya zo da su suka karai saboda abin da suka gani da abin da aka faɗa musu, suka bi jirgi na gaba suka bar ƙasar.

Wannan faɗuwa ta fi ta fari ciwo. A karo na fari yana iya cewa ƙuruciya ce da rashin shiri. A wannan karo ya yi duk shirin da ya sani, sakamakon kuwa ɗaya ne. Ya koma wurin mutanen da suka ba da kuɗinsu hannu wofi, shekara bakwai bayan tafiyarsa ta fari, ba ko bukka guda da za a nuna a ce ga tashar mishan. Shi da kansa ya lasafta wannan lokaci a kan mafi duhu a dukan rayuwarsa. Da yawa daga masu goyon bayansa suka ja da baya.

Zama a Baya Domin Waɗansu Su Tafi

A nan ne babban al'amari na rayuwar Bingham ya faru, ko da yake ba a cika ba da labarinsa ba domin ba shi da armashi irin na tafiye-tafiye. A 1901 majalisar ta shirya tafiya ta uku, Bingham kuwa ba ya cikin matafiyan. Mutum huɗu aka aika: Alex Banfield, da E. Anthony, da Charles Robinson, da Albert Taylor. Suka hau kogin Kwara, a 1902 suka kafa tasha ta fari a Patigi, garin Nufawa da ke Jihar Kwara a yau.

Mutumin da ya fi kowa ɗaukar nawayar wannan ƙasa, wanda ya sha wuya dominta shekara takwas, ba shi ne ya kafa harsashin fari ba. Ya ji labarin ne ta wasiƙa, yana zaune a Toronto. Jikinsa ya ba shi amsa sau biyu, ya kuwa saurara. Bai ce kiran ƙarya ne ba, bai kuma nace cewa in ba shi ya tafi ba, kada kowa ya tafi. Ya yarda cewa Ubangijin girbi yana da ikon sa ma'aikaci inda ya ga dama.

Hikimar wannan rabon aiki ta bayyana nan da nan. Cikin shekara biyu ɗaya daga cikin mutum huɗun nan ya rasu, biyu kuma ciwo ya mai da su gida, Banfield kaɗai ya rage. Da a 1894 ne, da aikin ya mutu a nan. Amma yanzu akwai wani a gida wanda ba ya barci, yana rubuta wasiƙu, yana bin ikkilisiyoyi, yana neman waɗanda za su maye gurbin waɗanda suka faɗi. Banfield ya ƙware a harshen Nufe har ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki a cikinsa. Waɗansu kuma suka riƙa zuwa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Likita Andrew Stirrett, mai kantunan magani a Toronto, wanda ya bar dukiyarsa ya zo a 1902. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya zauna a ƙasar nan har ya rasu a Jos a 1948, yana cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. In aka jera Stirrett da Bingham za a ga yadda Allah yake rarraba baiwa. Nawayarsu ɗaya ce. An ba ɗaya jiki mai jure zazzaɓi da harshe mai kama Hausa, aka ba ɗayan alƙalami da basirar tsara aiki. Da Bingham ya nace sai ya zama Stirrett, da wataƙila an sami kabari na uku, ba kuwa mai aiko da irin su Stirrett.

Baiwar da Ta Bayyana

Da ya tsaya a wurinsa, baiwarsa ta fito fili. Ta fari ita ce rubutu. A 1904 ya karɓi ragamar wata mujalla ta Kirista, wadda daga baya aka sani da suna Evangelical Christian, ya riƙe ta har ƙarshen ransa. Ta wurinta labarin Patigi da Wushishi da Egbe ya shiga gidajen masu bi a Kanada da Amurka da Birtaniya. A 1912 ya kafa kamfanin buga littattafan Kirista a Toronto.

Ta biyu ita ce tattara mutane. SIM ba ta ɗarika ɗaya ba ce. Bingham ya iya haɗa 'yan Baptis da Presbiteriyan da Metodis da waɗansu a ƙarƙashin aiki guda, ya kuma kafa majalisu a ƙasashe dabam dabam masu aiko da ma'aikata da gudummawa. A 1924 ya buɗe wurin taron ruhaniya na Keswick a yankin Muskoka na Kanada, inda matasa da yawa suka ji kira zuwa aikin bishara.

Ta uku ita ce kula da ma'aikata. Shi da ya ga yadda gajiya da ciwo suke cinye mutane bai manta ba. A zamanin shugabancinsa aka kafa wurin hutawa na 'yan mishan a Miango, a kan tsaunukan Filato masu sanyi. A garin Collingwood na Kanada kuma aka buɗe gida domin 'ya'yan 'yan mishan, aka sa masa sunan Gowans.

Aikin ya yi ta yaɗuwa. Tommy Titcombe ya shiga Egbe a cikin Yagba a 1908. Aka buɗe tashoshi a Kwoi da Karu da Kaltungo da Kagoro da wurare masu yawa, Jos kuma ta zama cibiya. A 1924 aka shiga Damagaram a ƙasar Nijar, a 1927 aka shiga Habasha tare da Likita Thomas Lambie. A shekarun 1930 aka ba mishan izinin kula da kutare a lardunan Arewa, aka kafa wurare irin su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Bingham ya ziyarci Afirka sau da dama a matsayin shugaba, ya taka ƙasar da aka ce ko 'ya'yansa ba za su gani ba, ya kuma yi sujada tare da masu bi na ƙasar.

Ya rasu ranar 8 ga Disamba, 1942, saura kwana 11 ya cika shekara 70, saura shekara ɗaya kuma mishan ta yi bikin cika shekara 50. Ya bar ɗaruruwan ma'aikata a fagen aiki. Littafin da ya rubuta na tarihin mishan ya fito a 1943, bayan mutuwarsa. A 1954 ikkilisiyoyin da aka haifa ta wurin wannan aiki a Nijeriya suka haɗu suka zama ECWA, wadda ita ma take aika nata masu bishara.

Abin Koyi Ga Mai Neman Sanin Kiransa

Manzo Bulus, a Romawa sura 12, ya gargaɗi masu bi kada kowa ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata, sai dai ya auna kansa da natsuwa, daga nan ne kuma ya shiga lissafta baye-baye iri iri. Jerin yana da ma'ana: auna kai yana gaba, sanin baiwa yana biye. Rayuwar Bingham ta nuna ma'aunai huɗu da mai bi zai iya gwada kansa da su.

Na fari, nawayar da ba ta gushewa. Sha'awar da ta zo a daren taron farkawa takan wuce da wayewar gari. Nawayar Bingham ta tsira daga mutuwar abokai biyu da faɗuwa biyu. Mai cewa an kira shi ya tambayi kansa ko abin da ke zuciyarsa yana nan bayan wahala ta zo, ko kuwa yabon mutane ne yake riƙe da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na biyu, abin da mutum ya iya da abin da bai iya ba. Wannan ya haɗa da lafiyar jiki, da ilimi, da hali, da nauyin iyali. Akwai rashi da karatu yake gyarawa, Bingham kuwa ya koma makaranta ya gyara shi. Akwai iyaka da ba ta gyaruwa, ita kuma ya karɓe ta. Hikima ita ce rarrabe tsakanin biyun. Wanda ya mai da kasala ta zama iyaka ya ruɗi kansa, haka ma wanda ya mai da taurin kai ya zama bangaskiya.

Na uku, shaidar 'yan'uwa. Ido ba ya ganin kansa. A Antakiya, ikkilisiya ce ta yi azumi da addu'a ta keɓe Barnaba da Shawulu, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 13 ta nuna. Bingham ya fara tafiya ba mai aikensa, ya ƙare yana aiki a cikin majalisa, yana jin shawara. Saurayin da ya ce Allah ya yi masa magana, amma ba ya son fastonsa ko dattawa ko iyayensa su ce kome a kai, ya kamata ya tsaya ya sake dubawa.

Na huɗu, inda 'ya'ya suke fitowa. Sa'ad da Bingham ya nufi cikin ƙasa, ƙofa ta rufe. Sa'ad da ya ɗauki alƙalami ya tsaya gaban ikkilisiyoyi, mutane suka tashi, kuɗi ya fito, tashoshi suka buɗe. Mai bi ya lura da hidimar da in ya sa hannu a cikinta mutane sukan ginu, ko koyar da yara ce a makarantar Lahadi, ko ziyarar marasa lafiya, ko riƙon asusun ikkilisiya da aminci, ko waƙa, ko karɓar baƙi.

Akwai magana a nan domin iyaye kuma. A gidaje da yawa ana ganin kamar hidimar Ubangiji ita ce hawa bagade kaɗai. Yaro ya tafi makarantar tauhidi, in ya komo bai zama fasto ba sai a ce ya fāɗi. Wani kuma ana tura shi aikin fasto domin bai sami wani aiki ba, shi ya wahala, garken ma ya wahala. Bulus ya kwatanta ikkilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa a 1 Korantiyawa sura 12, ya nuna cewa gaɓar da ba a gani ba ta fi wadda ake gani ƙanƙanta ba. Dawuda ma, a 1 Sama'ila sura 30, ya kafa doka cewa rabon mai tsaron kaya daidai yake da na wanda ya shiga yaƙi. Shi Dawuda ɗin ya so ya gina Haikali, Allah bai ba shi ba, sai ya tara kayan gini domin Sulemanu. Aikin iyaye shi ne su taimaki 'ya'yansu su ga abin da Allah ya sa a cikinsu, ba abin da zai kawo wa gida suna ba.

Kammalawa

Gowans da Kent sun ba da ransu cikin shekara guda. Stirrett ya ba da nasa cikin shekara 46 a ƙasar nan. Bingham ya ba da nasa a bakin tebur da cikin jiragen ƙasa da na ruwa, yana roƙo domin mutanen da bai iya zama a cikinsu ba. Ba wanda zai ce ɗaya ya fi ɗaya biyayya. Abin da ake nema ga mai riƙon amana shi ne a same shi da aminci a kan abin da aka danƙa masa, ba a kan abin da aka danƙa wa ɗan'uwansa ba.

Wanda ƙofa ta rufe masa a yau, kada ya yi saurin cewa Allah bai kira shi ba. Ya koma ga addu'a da Maganar Allah, ya auna kansa ba tare da ruɗi ba, ya nemi shawarar dattawa masu tsoron Allah, ya kuma kama aikin da ke gabansa da hannu biyu. Gonar tana da faɗi, ma'aikata kaɗan ne, kowa kuwa yana da kunyar da aka yanka masa. Ubangiji ya ba jama'arsa tawali'un sanin wurinsu, da ƙarfin tsayawa a cikinsa har ƙarshe. Amin.